Taku Uku

Abdulƙadir yana tsugune a tsakar gida yana ɗaure ƙotar fartanyarsa da ta tsage, sai ya ji an buga wilin. Tsohon wilin tirela ne da ke rataye da waya a reshen darbejiyar ƙofar masallacin Zangon Marke, kuma duk garin mutum ɗaya ne yake taɓa shi, don abu ɗaya. Bugu uku, a dakata, a sake bugu uku. Wuta ta tashi a bakin titi.

Ya miƙe ya leƙa ta kan katanga. Farin hayaƙi ne yake tasowa daga gabas, wajen kwalbati, iska tana kwanto da shi ta nufo gari. Tun da aka zuba kwalta ta gefen garin babu ranin da ba a yin wannan wuta, ko ɗan tirela ya cillo guntun sigari, ko masu neman gafiya su cinna wa rami su gudu, don haka wutar ba baƙuwarsa ba ce. Inda ta dosa ne ya tsinka masa zuciya.

Matarsa Asiya ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta tambaye shi ko ba ta can gonarsa take ba. Ya zari buhun algarara daga kan igiya, ya tsoma shi a bahon wanki, ya saɓa a kafaɗa yana ɗigar ruwa, ya fice.

Mai buga wilin maƙwabcinsa ne, Malam Sama'ilu, katanga ɗaya ta raba su. Shekara talatin ya yi yana aikin kwana-kwana a birni, ya dawo gida shekara tara da suka wuce da hular kwano ɗaya da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Ranin da ya dawo wuta ta shigo daga titi ta cinye rumbuna har da awakin mutane. Sai ya bi gida-gida yana lallashi, har ya shawo kan duk wanda gonarsa ta haɗu da titi ya bar taku uku ba shuka. In an gama kaka a yi gayya a kankare wurin tas, ƙasa tsirararta, daga kwalbati har makabarta. Wuta in ta cinye ciyawar bakin titi ta iso nan, ba ta samun abin ci, sai ta mutu. Matasa suka sa masa suna Kwamanda don tsokana, wurin kuma ya zama layin Kwamanda. Shekara tara wuta ba ta tsallake shi ba.

Amma taku uku ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da gado ya yayyanka gonaki har mutum yana iya jifa daga wannan iyaka zuwa waccan. Kowa yana bari ne yana ƙunƙuni. Da, Malam Sama'ilu da kansa yake bin layin duk mako da sandarsa, in ya ga ko tsinke ya kira mai gonar. Bana gwiwar ta hana shi. Sai ya koma tambaya a ƙofar masallaci, yana karɓar maganar kowa.

Ranar Juma'a da aka sauko ya tambayi Abdulƙadir.

"Ƙadiru, naka fa?"

"An share, Baba."

An share ɗin, ba ƙarya. Abin da bai faɗa ba shi ne, bayan sharar ya tara karan dawarsa dami sittin a kan layin, ya jingine su da itacen marke, saboda wani mai mota ya ce zai zo ranar Asabar ya kwashe, kuma daga nan ne lodi ya fi sauƙi. Wurin yana bayan kwanar titi, shingen bini-da-zugu ya kare shi, ba a hange daga gari. Ya ce a ransa kwana ɗaya ne. Asabar ta zo ta wuce mai mota bai zo ba. Yau kuma Lahadi, ranar kasuwar Ɗanbatta, majiya ƙarfin garin duk sun tafi tun safe.

A gindin darbejiya ya tarar da mutum tara, fiye da rabi masu furfura. Kamaruddeen mai faci yana gefe da waya a kunne yana yi wa 'yan kwana-kwana kwatance da hannu kamar suna ganinsa. Da ya sauke ya ce motar kashe gobara ɗaya ce a wannan yanki, kuma tana wata gobarar a wani gari, da sun gama za su taho. Malam Sama'ilu ya gyara hular kwanonsa a kan hular saƙa, ya ce ai shi ma ya taɓa ba mutane wannan amsa, ba sau ɗaya ba. Ya dubi rundunarsa ya yi dariya, ya ce in aka haɗa haƙoran wurin nan ba za su cika bakin mutum uku ba, amma da su za a yi.

Ya duƙa ya ɗebi ƙaiƙayi, ya sake shi a iska, ya bi shi da ido. Sannan ya zana ƙasa da sandarsa. Wutar tana bin ciyawa tsakanin kwalta da layi, ta nufo yamma. Wuri ɗaya ne abin tsoro, ramin da aka ɗebi ƙasar titi, inda gamba ta fi tsayin mutum. In ta shiga nan da ƙarfinta, tartsatsi zai iya haure layin. Don haka za su riga ta. Za su tsaya ta cikin gonaki, su cinna wa gambar wuta da kansu daga bakin layi, tasu ta ci ta tafi ta tari waccan, in sun haɗu kowace ta rasa abinci. Aikin yana son hannun kowa, babu wanda za a bari a wani wuri.

Ya dangwala sandar a gabashin zanen.

"Daga kwalbati zuwa marke gonar Ƙadiru ce, a share take. Bayanmu lafiya ke nan. Ko ba haka ba, Ƙadiru?"

Fuska tara suka juyo. Akwai liman a ciki, akwai ƙanin surukinsa. Abdulƙadir ya ji ruwan buhun yana bin bayansa. Ya lissafa a ransa: wutar ba ta kai kwalbati ba tukuna, shi kuma yana da gudu, in ya yanke ta gonaki zai riga ta, ya kwashe karan kafin kowa ya sani.

"Haka ne, Baba."

Aka karyo rassan darbejiya ɗanye, aka jiƙa buhuna a bakin burtsatse, aka kama hanya. Malam Sama'ilu yana baya yana jan ƙafa yana ba da umarni. Da suka fita daga gari Abdulƙadir ya ce bari ya koma ya ƙaro buhuna. Tsohon ya ce ya yi sauri, kada ya tsaya shan furar Asiya. Yana shan kwanar danga ya sheƙa da gudu ta cikin gonaki.

Ya riga wutar, amma da kaɗan. Tana daf da kwalbati tana ƙara kamar ana yaga sabon yadi, shirwa suna shawagi a samanta suna cafke fara. Tarin karan yana tsaye jikin marke, ya fi shi tsayi nesa. Ya fisgi dami biyu, ya tsaya cak, don sai a lokacin ya gane bai san inda zai kai su ba. In ya ja su cikin gona, harawar wake ce busasshiya shimfiɗe da kututturan dawa. Sai ya ratsa ciyawar da su ya watsa kan kwalta. Ya dawo ya ƙara. Wata motar haya ta kauce tana hon, direban ya leƙo ya zage shi har da iyayensa. Bai ko waiwaya ba. Kara ya yanyanke masa tafin hannu, hayaƙi ya cika masa ido, yana ja yana tari yana kiran sunan Allah.

Dami goma sha huɗu ya fitar.

Wutar ba ta ma jira ta iso ba. Wani ganye mai ci ya taso a iska ya sauka a saman tarin. Abdulƙadir ya maka masa buhu, ya mutu, wani ya sauka a ɗaya gefen. Kafin ya zagaya, tarin ya kama gaba ɗaya, da wata irin ƙara da ta tura shi baya ya faɗi zaune. Harshen ya haura marken. Iska ta riƙa ɗebo ganyen kara masu ci tana watsawa cikin gonarsa, nan ɗaya, can ɗaya, kowanne ya buɗe da'irarsa. Ya bi biyu ya kashe, goma suka tashi. Da ya ɗaga kai ya ga sun haɗe sun zama layi guda, suna tafiya a karkace ta cikin gonaki, daidai bayan inda tsofaffin suke tsaye.

Ya jefar da takalminsa ya bi gefen wutar da gudu yana ihu.

Su kuwa can aikinsu yana tafiya yadda aka tsara. Wutar tarbar ta kama, ta ci gamba ta bar baƙar ƙasa a gabansu, suna bin bakin layi suna dukan tartsatsi da rassa. Malam Sama'ilu ne ya fara jin ƙarar ta sauya. Ya juya ya ga hayaƙi a inda bai kamata ba. Bai tambayi kowa komai ba. Ya ce kowa ya yar da reshe, kada wanda ya gudu ta cikin gona don wuta ta fi shi gudu, a tsallaka gaba a shiga baƙi, inda ta riga ta ci. Ya riƙa tura su ɗaya-ɗaya da sanda. Liman ya tattare riga ya haure, Kamaruddeen ya ɗauki wani tsoho cak ya tsallaka da shi. Tsakanin layi da baƙin akwai gangaren ramin, ƙasa mai zamewa, ga sauran gamba tana ci a gindi. Mai ƙafa biyu zai dira. Malam Sama'ilu ya sa sanda, gwiwar ta ƙi, ya zame ya faɗi a bakin layin, hayaƙin gaba da na baya suka rufe a kansa.

Hular kwanon ce Abdulƙadir ya fara gani. Ya lulluɓe kansa da buhun da ya riga ya bushe, ya kutsa, ya kamo tsohon ta hammata ya ja shi da baya har cikin toka mai zafi. Bayan rigar tsohon ya ci wuta, suka kashe da hannu. Idonsa biyu, yana numfashi kamar ana zuƙar ruwa da tsinke. Abin da ya fara cewa shi ne a ƙirga mutane. Aka ce sun cika. Sai ya ce a bar shi, a tafi rumbuna.

Kamaruddeen ya tare wata motar ɗaukar kaya a titi aka sa Malam Sama'ilu a baya, aka nufi asibiti. Sauran suka bi kwalta da gudu zuwa gari.

Rumbunan Zangon Marke a gefen gari suke, jere a bayan gidaje, an cika su da hatsin bana ko wata biyu ba a yi ba. Mata sun fito da bokitai da kwarya, sun yi layi daga burtsatse, amma jinkar rumbu ba ta jiran bokiti. Na farko ya kama, na biyu ya kama. Ƙamshin gero mai ƙuna ya cika garin, kamar ana gasa tumu a gidan biki. Abdulƙadir yana kan wani rumbu yana yaye jinka da hannun da ya riga ya tashi, sai aka ji jiniya. Ana kiran La'asar motar ta shigo, ma'aikata huɗu, fuskokinsu baƙi ƙirin da hayaƙin inda suka fito. Ba su ɓata lokaci ba. Suka bar abin da ya riga ya tafi, suka jiƙa dangogi da rufin gidajen da ke kusa, suka yanke mata hanya. Ruwan tankin ya ƙare daidai lokacin da ta sare. Ba gidan da ya ƙone. Rumbu goma sha ɗaya suka tafi, har da na Malam Sama'ilu.

Shugaban ma'aikatan, Abdulrashid, da ya ji sunan wanda aka kai asibiti sai ya cire hularsa. Ya ce a hannunsa ya koyi aiki. Ya ce kuma ba zai yarda wuta ta zagaye Oga Sama'ilu haka kawai ba, a nuna masa layin. Abdulƙadir ne ya raka shi, don ba wanda ya rage da ƙarfin tafiya. Suka bi layin, baƙi a hagu, baƙi a dama, taku ukun nan a tsakiya jajir ba abin da ya taɓa shi. Har suka sha kwana. A gindin marke toka ce fara tsibi guda, ta kai gwiwa, a tsakiyar layin. A kan kwalta ga dami goma sha huɗu a warwatse, motoci sun tattake wasu.

Abdulrashid ya tona tokar da ƙafar takalminsa, ja ya bayyana a ciki. Ya tambayi gonar wa ce.

"Tawa ce."

Ya dubi tokar, ya dubi hannuwan Abdulƙadir da suka kumbura suka yi ruwa. Daga baya ya ce ya je a duba masa hannun kada ya ruɓe, ya mayar da hularsa, ya juya wajen mota, don an sake kiransu a waya.

Kwana biyu Malam Sama'ilu ya yi a asibiti. Likita ya gaya wa matarsa, Inna Maijidda, cewa ƙunar baya ba ita ce matsalar ba, zafin da ya shaƙa ne ya dafa huhun. Aka yi maganar wucewa da shi Kano. Ya girgiza kai. Ya ce ya ɗauko irin wannan ƙirji a bayan mota ba adadi, ya san inda hanyar take ƙarewa, a mayar da shi ɗakinsa.

Ranar Laraba da hantsi Abdulƙadir ya yi sallama. Tun Lahadi yake jin tarin tsohon ta kan katanga a kunnensa, ko da ba ya gidan. Ya tarar da shi kwance rub da ciki a kan katifa, an rufa masa mayafi mara nauyi, hular kwanon tana rataye a ƙusa. Inna Maijidda tana zaune a gefe tana masa fifita da mafici. Ta amsa gaisuwa, ta ce Malam tun jiya yake tambayarsa, ta yi masa sannu da hannu, ta ce Allah ya saka masa da ya ciro shi. Abdulƙadir ya ji kamar ta watsa masa ruwan zafi.

Tsohon ya juyo da fuska. Muryar ta koma kamar ta mai raɗa. Ya ce ashe furar Asiya ta riƙe shi, har yanzu yana jiran buhunan. Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace. Da ya lafa ya ce abu ɗaya ne ya hana shi sukuni, ya juya shi ya juya bai gane ba: ta ina wutar ta tsallaka?

Abdulƙadir ya durƙusa a bakin katifar. Ya faɗa masa duka, mai motar, dami sittin, Juma'a, da abin da ya lissafa a gindin darbejiya. Maficin Inna Maijidda ya tsaya.



"Da ka faɗa a wurin," in ji Malam Sama'ilu, "mutum huɗu zan ba ka. Dami sittin, mutum biyar. Kafin ta iso kun gama."

"Kunya na ji, Baba."

"Na sani." Ya numfasa. "Zagi ɗaya zan yi maka a gaban liman, shi ke nan."

Abdulƙadir ya kifa kai a kan hannuwansa masu bandeji, ya roƙe shi gafara. Tsohon ya ce nasa ya yafe, duniya da lahira, wannan ba abin ja ba ne. Hatsin mutane kuwa ba shi da ikon yafe shi. Sannan ya miƙo yatsa ya kama bakin rigarsa.

"Ka faɗa musu. In ba ka faɗa ba, cewa za su yi layi ba ya tare wuta. Dama neman dalili suke. Ka ji ko, Ƙadiru?"

Ya ce ya ji. Da zai fita ya yi wa Inna Maijidda sallama. Ta ci gaba da fifita, ba ta ɗago ba.

Washegari tsakanin Azahar da La'asar, Abdulƙadir yana zaune a inuwar katangar da ta raba su, Asiya tana sauya masa ƙyallen hannu. Tarin yana zuwa daga can, a hankali, a hankali. Sai aka yi wani tsawon lokaci bai zo ba. Asiya ta tsaya da ƙyallen a hannu. Suka ji Inna Maijidda ta kira "Malam" sau biyu, ba da ƙarfi ba, sannan ta fara salati.

Kafin Magariba aka kai shi. Makabartar tana ƙarshen layin, don haka da makarar aka bi ta kan taku ukun nan, mutane biyu-biyu, toka tana tashi a gefe da gefe. Abdulrashid ya zo sanye da kayan gida, ya tsaya a sahun baya, ya tafi bai yi magana da kowa ba.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a an raba waina, mai unguwa ya ce tunda an taru a yi maganar rumbuna, a ga yadda za a tallafa wa waɗanda suka rasa. Aka yi ta. Daga nan magana ta gangaro inda Malam Sama'ilu ya ce za ta gangaro. Zaharaddini, wanda rumbunsa biyu suka ƙone, yana da 'ya'ya takwas, ya ce shi fa Allah ya jiƙan Kwamanda, mutumin kirki ne, amma shekara tara yana barin ƙasar da za ta ba shi damin gero uku, ga shi ranar da ake bukatar layin wuta ta haure shi kamar babu. Wasu suka gyaɗa kai.

Abdulƙadir ya miƙe. Ya ce layin bai gaza ba, shi ne ya ɗora wa wuta gada. Ya faɗi karan, ya faɗi tambayar da aka yi masa sau biyu da amsar da ya bayar, liman yana wurin, shaida ne. Ya ce duk abin da aka yanke masa ya ɗauka, ko gonar ce a raba wa masu rumbuna. Ya tsaya yana jiran a taso masa.

Ba wanda ya motsa. Wani ma yana ci gaba da cin wainarsa.

"Zauna, Abdulƙadir," in ji mai unguwa. "Damin nan kwana biyu suka yi a kan kwalta. Duk wanda ya dawo daga kasuwa ta kansu ya bi. Wa kake gaya wa?"

Liman ya ce abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure, kwanan Malam Sama'ilu ne ya ƙare, kuma tunda ya yi nadama a bar tone-tone, a yafi juna. Aka ce an yafe, murya ƙasa-ƙasa. Abdulƙadir ya ce to ai sun ji ke nan, layin yana aiki, a ci gaba da bari.

Zaharaddini ya dube shi ba tare da fushi ba, abin da ya fi fushin ciwo.

"Kai da kuke katanga ɗaya da shi ka tara kara a kai. Ni da nake ƙarshen gari me zai hana ni? Bana naka ne, baɗi na wani. Wa zai riƙa bi yana dubawa? Kai?"

Ya ce shi zai bi. Wani daga baya ya tambaya, in ya ce an share, wa zai yarda? Aka ɗan yi dariya, gajeriya, aka yi shiru don tuna gidan makoki ne. Mai unguwa ya ce kowa da gonarsa, wanda ya ga zai bari ya bari. Aka shafa fatiha aka watse.

Abdulƙadir ya buɗe rumbunsa, wanda wutar ba ta taɓa ba, ya riƙa kai hatsi gidajen da rumbunansu suka ƙone. Wasu suka karɓa, wasu suka ce ya mayar wa 'ya'yansa. Na gidan Malam Sama'ilu ya kwana biyu a zaure ba a taɓa ba, ya je ya ɗauke. Da Inna Maijidda ta fita takaba ɗanta ya zo daga Kunci ya tafi da ita. Ranar tafiyar ta aiko wa Asiya da turmi da tsohuwar randa, ta kuma haɗo da guntun ƙarfen da ake buga wili da shi, ba tare da wani saƙo ba. Wilin kansa bai kai damina ba. Wata rana aka wayi gari masu sayen gwangwan sun bi ta garin, sai wayar kawai take lilo a reshen darbejiya.

Da ruwa ya sauka, garma ta bi layin daga makabarta har shingen bini-da-zugu. Gero ya fito kore shar har bakin ciyawar titi, ya yi kyau ƙwarai, don ƙasar ta huta shekara tara, ga toka.

Bayan kaka ciyawa ta sake bushewa. Wata ranar kasuwa da hantsi Abdulƙadir yana gonarsa shi kaɗai da fartanya, yana kankare nasa taku ukun daga kwalbati zuwa kututturen marke. Yatsunsa biyu sun ƙi miƙewa tun ƙunar, sai ya riƙe ƙotar a karkace. Inda nasa ya ƙare, karan maƙwabcin gona ya fara, tsaye, busasshe, ya haɗe da gambar titi har iyakar ganinsa.

Wata tirela ta wuce ta nufi yamma. Hannu ya fito ta taga, wani ɗan abu fari ya taso ya faɗo a kan jar ƙasar da ya gama sharewa. Ya tsaya ya jingina da fartanya yana kallonsa. Guntun sigarin ya yi hayaƙi siriri, ya yi, ya yi, ya mutu.

Daga wajen kwalbati ya ji ƙarar wata tana tahowa.